Yadda Na Fid da Yaya Cindo Daga Toka

"Tsawa ce! Na ce maka kukansa tsawa ce, irin wadda ke sa akuya ɓari."

"Tsawar gidanku. Sarewa ce, siririya, mai sa ƙato ya tuna da uwarsa."

"Ni za ka gaya wa, Tunau? Kakana ne ya fara share masa makwanci."

"Ai shi ya sa, Barmo. Kakanka shara ya iya, ba saurare ba."

A haka na same su, tsofaffi biyu a zauren shawara, kowa ya cakumi gemunsa kamar za a ƙwace masa. Na yi sallama har na gaji, ba wanda ya amsa.

Bari in bar su suna yi, in faɗi ko ni wace ce, kada a ce baƙuwa ta faɗo gida ba ta gai da kowa ba. Ni ce Kyallu 'yar Gwamma, mutuniyar Kwargaba, wadda ta yi kukan jinjiri uwarsa ta bar tuwo ya ƙone, ta yi carar zakara da azahar kaji suka rikice, ta yi muryar mai unguwa daga bayan danga aka share kasuwa ba ranar shara ba. Abin da kunnena ya ji sau ɗaya, bakina ya mallake shi. Na keta daji, na haye ruwa, na taka ƙasar da ba a taɓa jin sunan garinmu ba, na ga dabbobin da ba su cikin labarin kowace kaka. Amma ban ga abin al'ajabin da ya kai mutanen Gurmulla ba, kuma ba yabonsu nake yi ba.

Abin da ya kai ni can, yayana ne, Cindo. Maharbi ne, in a bakinsa ka ji. A tukunyarmu kuwa, abin da na taɓa gani nasa zomo ne guda, shi ma gurgu. Wata rana ya rataya baka, ya ce dajinmu ya yi masa kaɗan, ya nufi bayan duwatsun da rana ke faɗawa. Sai fatake suka kawo labari cewa ya harbe wata dabba a Gurmulla, an kama shi. Don ta ni, da ya tsufa a can. Amma Inna ta daina cin abinci. Ranar da na ga warwaronta ya zame daga hannu ya faɗa cikin ƙwarya, na ɗaure zanena na kama hanya.

Ga yadda ƙasar take. Mutanen Gurmulla ba sa kiran dabba da sunanta, kunyarta suke ji kamar yadda uwa ke kunyar ɗan fari. Sai dai su kira ta da inda take kwana. Na cikin kumfar kogi Nakumfa ne, na kan rimi Narimi, na cikin yashi Nayashi. Ko ɓeran da ya cinye musu hatsi, Narumbu suke ce masa, suna sunkuyar da kai. Kuma dokarsu ita ce, wanda ya kashe dabba ya gaji aikinta. Zai sa fatarta, ya kwana inda take kwana, ya yi abin da take yi, har sai wani danginta ya zo ya karɓi wurin. Na ga wani magidanci da idona a cikin rumbu yana gurgurar dawa, matarsa na miƙa masa ruwa ta taga.

Ruwan garin duka daga marmaro ɗaya yake fitowa, a gindin dutse. A kan marmaron wata halitta ke kwance, Namarmaro, mai kama da kunkuru, sai dai ƙoƙon bayansa ya isa a yi masussuka a kai. Ya rufe bakin ruwan kamar murfin tukunya. Can gefe, ƙarƙashin wani rimi, akwai tulin toka inda Natoka ke kwana, dabba mai girman jaki, da kunnuwa kamar faifai da leɓe mai reto. Kullum rana na fitowa Natoka zai tashi ya yi kuka sau ɗaya, Namarmaro ya gusa, ruwa ya kwararo ya cika tafki. Da yamma ya koma ya rufe.

Duk dabbobin duniya, wannan Natokan yayana ya zaɓa ya harba.

Tun ranar Namarmaro bai motsa ba. Tafki na ja da baya, kuma an yanke hukunci: ranar da ƙasan tafkin ya tsage ruwa bai zo ba, za a ɗaure Cindo a tura shi ƙarƙashin haɓar Namarmaro ya zama matashin kai.

To, mu koma zaure. Barmo shi ne mai busa ƙaho, dogo, mai murya kamar ana jan turmi a kan dutse. Tunau kuwa magajin marmaro ne, gajere, mai tumbi, yana magana yana haki. Da na ga ba su da niyyar kula ni, sai na durƙusa na ɗaga murya.

"Baba, ku gafarce ni. Ni ce ƙanwar wanda kuka sa wa fata. Cikinku wa ya taɓa jin kukan nan da kunnensa?"

Suka juyo tare, kamar na yi tusa a masallaci.

"Ji?" in ji Barmo. "Mahaukata kika ɗauke mu? Kunnen ɗan Adam bai isa ya ji kukan mai alfarma ba. Shi ya sa nake busa ƙaho, kowa ya toshe kunnensa da audugar rimi kafin ya yi."

"To ta yaya kuka san tsawa ce ko sarewa?"

"Gado ne, 'yar nan," in ji Tunau.

Ban san lokacin da na ja tsaki ba. Na zaci za a kore ni. Sai Tunau ya matso yana leƙen bakina da tausayi.

"Haƙori ke damunki? A kawo wa baƙuwa kanumfari."

Nan na gane ba su san tsaki ba a garin. Gari guda, ba wanda ya taɓa raina wani da baki rufe. Sai dai su raina shi da dogon jawabi.

Kafin kanumfari ya iso har sun koma faɗa.

"Kai da ko ƙaho ba ka iya busawa ba," in ji Barmo. "Damina waccan da na yi zazzaɓi ka karɓe ni, har yau mata na dariya."

"Ba ni ƙahon nan ka gani!"

Ya fizge shi ya busa. Jama'a, na ji akuya mai ciwon ciki, na ji ƙofar da ba a taɓa sa wa mai ba, amma ban taɓa jin su sun haɗu sun haifi ɗa ba sai ranar. Na adana sautin a raina, don irin wannan ba a barinsa ya lalace.

Daga nan na tafi gindin rimi. Na tarar da tulin toka da kunnuwa biyu a sama. Na taɓa shi da ƙafa, yayana ya fito yana atishawa, fatar na wari kamar majema.

"Kyallu! Inna ce ta aiko ki? Kin zo da dambun nama?"

"Na zo da gaisuwar 'yan unguwa. Sun ce in tambaye ka ko jakin ya samu lafiya."

"Ba lokacin wasa ba ne, ƙanwata. Kin ga tafkin?"

Na gani. Yara na tafiya a tsakiyarsa ruwa bai kai musu gwiwa ba.

"Kai da ba ka toshe kunne, yaya kukansa yake?"

Ya gyara kunnen fatar da alfahari. "Ai ban bar shi ya yi ba. Yana buɗe baki na saki kibiya."

"Sannu da ƙoƙari. Me ya sa ka harbe shi?"

Ya kau da kai. "Maganar maza ce." Can kuma ya ce, "Abin da ya fi ɓata min rai ma wani tsuntsu ne a kan rimin nan. Na ce na same shi, shi ma ya ce na same shi, da muryata sak. Da aka kama ni ya tashi ya yi gabas, bai dawo ba."

Washegari na tsaya cikin mata na ga yadda ake yi. Rana ta leƙo, Barmo ya busa ƙaho, kowa ya cusa auduga. Ni na yi kamar na cusa. Yayana ya buɗe baki ya yi wani abu tsakanin kukan tunkiya da kakari. Namarmaro ko ido bai buɗe ba. Amma ba wannan ne abin kallon ba. Barmo, da ya tabbata kowa ya kurumce, sai ya sauke ƙaho ya ɓoye baki a hannun riga yana ruri, wai tsawa. Tunau kuwa ya juya baya yana feɗuwa, wai sarewa. Kowannensu yana gwada sa'arsa a ɓoye, yana zaton ba mai ji. Wannan ma na adana.

Matan da ke kankare ruwa a tafki su suka ba ni labarin tsuntsun. Narimi ke nan. Ba maimaita abin da ya ji kawai yake yi ba. In ya saba da sauti, kana yi masa sai ya ba ka wanda ke biyo bayansa. In ya ji lugude ya yi maka ƙarar tankaɗe, in ya ji kukan yaro ya yi maka rarrashin uwa. Shekara da shekaru yana zaune a kan Natoka, kuma shi ba ya sa auduga. Na yi musu godiya. Na ɗauki gorana na yi gabas.

Na fara da Filin Nayashi, wani sarari fari fat wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Ban yi nisa ba yashi ya fara tafasa kewaye da ni. Wasu halittu ne kamar gafiya, ba su da idanu, baki ne kawai da haƙora, suna bin ƙarar sawu. Na tsaya cak, suka tsaya suna shinshina. Na ɗaga ƙafa, suka matso. Rana na dukana, gumi ya ɗiga daga haɓata ya faɗi ƙasa, sai na ga wanda ke kusa da ɗigon ya nutse da gudu. Ashe jiƙa suke tsoro. Na sa harshe a ganɗa na fara yayyafi, ɗis, ɗis, sannan na ƙara da kumatu har ya zama ruwa mai ƙarfi a kan jinka. Filin ya yi tsit. Haka na ratsa shi ina zuba ruwan sama da baki, maƙogwarona a bushe kamar tsohon takalmi.

Bayan filin sai kogi, mai faɗi, ba kwalekwale ba gada, kumfa ta rufe shi kamar an yi wanki da sabulun duniya duka. A cikin kumfar Nakumfa yake, mai jiki kamar dorina da wuya kamar raƙumi. Na ɓuya cikin ciyawa na zuba ido. Sai na ga abin da ya sa na ɗan girmama shi: a wurinsu namiji ke goyo. 'Ya'yan na kiwo a gaɓa, in sun gaji su yi wani ƙugi ta hanci, uban ya zo ya kwantar da wuya su hau, ya kai su tsallake. Idonsa ba ya gani sosai, kuma ba ya ƙirga. Na shafe jikina da taɓo don wari, na shiga tsakiyarsu da rarrafe, na yi ƙugin. Ya miƙo wuya na hau. Muna tsakiyar ruwa wani ɗan ya shinshine ni ya fara ihun ƙara. Uban ya waiwayo, numfashinsa kamar tukunyar daddawa. Na yi maza na kwaikwayi ihun, na fi shi ƙarfi, ina nuna shi da kai. Uban ya dube ni, ya dube shi, ya make shi da hanci. Har muka sauka yaron bai ƙara cewa uffan ba. Allah ya ba shi haƙuri, haka ake yi wa mai gaskiya a gidaje da yawa.

A tsallake na shiga Dajin Rimaye, inda itatuwa suka tokare sama, kuma kowane reshe da Narimi a kai. Tsuntsaye ne baƙaƙe masu jan baki, ba su fi kurciya ba. Dajin kamar kasuwar mahaukata: nan tari, can guɗa, can wata mata da ta mutu tun zamanin kakanni tana yi wa mijinta faɗa a kan gishiri. Yaya zan gane nawa a cikinsu? Na tsaya a fili, na yi ƙarar tsarkiyar baka, na buɗe murya irin ta yayana, na ce, "Na same shi!"

Daga wani reshe na ƙasa aka amsa da ƙarar mari, tas, tas, da muryar Cindo yana cewa, "Wayyo Inna! Ku tsaya in yi bayani!"

Na yi dariya har na zauna. Na sa ya maimaita min sau da yawa, don gajiyar hanya.

Sannan na gyara tsayuwa, na yi masa ƙahon Barmo, mai kauri, mai tsawo, yadda yake. Na kasa kunne. Tsuntsun ya karkata kai, ya yi ƙarar tsarkiya.

Na sake. Tsarkiya. Na koma baya na fara daga carar zakara, ya ba ni ƙarar ƙofar gari, na ba shi, ya ba ni ƙaho, na ba shi, ya ba ni tsarkiya. Ashe abin da ya ji na ƙarshe shi yake riƙewa. Kibiyar yayana ba dabbar kawai ta kashe ba, har kukan ta goge daga bakin mai ajiyarsa.

Na zauna a gindin rimi. Na tuna tafkin, na tuna warwaron Inna a cikin ƙwarya. Ni ba mai kuka ba ce, in raina ya ɓaci mutane nake kwaikwaya. Na tashi na tura ciki gaba, na kama gemun da ba ni da shi, na yi haki, na ce, "Ba ni ƙahon nan ka gani!" Na saki busar Tunau, akuyar da ƙofar da ɗansu gaba ɗaya.

Tsuntsun ya zuba min ido. Ya kumbura wuya. Wannan busar bai ji ta ba tun damina waccan, lokacin Natoka na da rai, kuma ba kibiyar da ta taɓa biyo bayanta. Ya buɗe jan bakinsa.

Ya fara da 'yar shaƙuwa. Sannan ya ja tsaki.

Tsaki ne, jama'a. Ba tsawa ba, ba sarewa ba. Tsaki dogo, mai kauri, mai ratsa ƙashi, wanda ya fara daga raini ya bi ta ƙyama ya ƙare a kan Allah wadai. Duk surukan Kwargaba in sun haɗa baki ba za su ja rabinsa ba. Nan na gane komai. Kullum safiya Natoka kan tashi ya dubi wannan ƙaton da ya kwana a kan ruwan mutane, ya gaya masa abin da yake gani. Shi kuma ya ji haushi ya juya baya. Kafin yamma ya manta ya dawo. Abin da gari guda ke toshe kunne don girmamawa ke nan. Na ji dabbar ta shiga raina, na yi baƙin cikin rashin saninta.

Kama tsuntsun bai yi wuya ba, kwaɗayin sabon sauti gare shi. Na ba shi tarin mai unguwarmu, ya sauko kafaɗata. Na ba shi Inna tana kiran awaki, ya bi ni har kogi. Mu biyu muka yi wa Nakumfa ƙugi, mu biyu muka yi wa Nayashi ruwan sama, ni ina yayyafi shi yana ƙarasawa.

Na iso Gurmulla na tarar tafki ya zama laka, ta fara yamutsewa kamar fatar bakin tsohuwa. An riga an kawo igiya an ajiye kusa da tokar. Na ɓoye tsuntsun cikin kwando a masaukina, na je na raɗa wa yayana cewa gobe ya buɗe baki kawai, kada ya fitar da komai.

Da safe Barmo ya busa, aka cusa auduga. Cindo ya wangale baki. Ni kuma, a tsakiyar mata, na ja mayafi na rufe fuska, na yi shaƙuwar, na tattaro duk abin da nake ji game da garin da yayana da tsofaffin nan biyu, na ja.

Namarmaro ya buɗe ido ɗaya. Ya hura hanci, ƙura ta tashi. Ƙasa ta girgiza, ya juya mana baya kamar amaryar da aka ɓata wa rai, ruwa ya yi tsalle sama ya zubo. Mata suka yi guɗa, ba mai jin ta wata.

Na ɗauka an gama. Na je kama hannun yayana mu tafi, sai Tunau ya tare mu yana hawaye.

"Ina za shi? Ai yanzu ya zama. Natoka ne har ƙarshen ransa. Za mu sa a riƙa kawo masa toka mai laushi, ta kara, ba ta itace ba."

Cindo ya dube ni, leɓensa na rawa har ya fi na fatar reto. In ya zauna, dole in zauna ina ja masa tsaki kullum har mu tsufa. Da a gida ne da ban ƙi ba.

Da rana na sami Barmo shi kaɗai yana gyangyaɗi. Na durƙusa nesa, na sunkuyar da kai.

"Baba, ina da laifi. Audugata ta faɗi ɗazu. Na ji."

Ya zabura. "Kin ji? Yaya yake?"

"Tsawa ce, Baba. Amma ba daga bakin yayana ta fito ba, shi iska kawai ya fitar. Daga wajen mai ƙaho na ji ta, kamar daga cikin hannun riga."

Na ga maganar tana shiga jikinsa kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Ya shafa gemu. Ya ce dama kakarsa ta wajen uwa tana da manyan kunnuwa, kuma ba ta taɓa ƙyamar toka ba. Kafin la'asar ya tara gari ya shaida musu cewa shi dangin Natoka ne, ya zo karɓar gadonsa.

Tunau ya yi tsalle, ya ce in dangi ne shi ya fi kusa, a dubi leɓensa. Na ja shi gefe.

"Baba, ka bar shi ya kwanta cikin toka. Wa ke ba Natoka izinin kuka? Ba mai ƙaho ba? Kullum sai ka busa sannan ya buɗe baki, kamar bawanka."

Ya daina haki. Ya ce ni yarinya ce mai tarbiyya.

Aka shirya gwaji: gobe Barmo zai sa fata, Tunau ya busa, a ɗaure bakin Cindo da rawani don kada ya taimaka. In ruwa ya zo, baƙo ya kama gabansa. In bai zo ba, ya koma toka har abada. Ni kuwa ba ni da niyyar ja musu tsaki na biyu. In ban bar garin da mai yi musu kullum ba, za su biyo mu har Kwargaba da igiyarsu. Na kai Narimi na sake shi a kan riminsa.

Sai da yamma na ji abin da ya tayar min da hankali. Tunau ya shiga bayan gida yana koyon busa, kuma tsohon banza ya fara iyawa. Akuyar ta warke, ƙofar ta sha mai. In ya busa daidai gobe, tsarkiya tsuntsun zai ba shi. Na je da man kaɗanya na ce a garinmu baƙuwa ce ke goge wa sabon mai ƙaho ƙahonsa. Ya miƙo yana murmushi. Na goge shi har yana ƙyalli, na kuma soka masa basilla a wuya, inda ido ba ya kaiwa.

Gari ya waye. Barmo ya fito daga toka da rarrafe, kunnuwa na jan ƙasa, yana kallon jama'a kamar wanda aka naɗa. Yayana na gefe da rawani a baki. Tunau ya cika tumbi da iska ya busa. Farkon ya fito lafiya. Sai iskar ta sami hudar, busar ta karye, akuyar ta dawo da ciwonta har da na maƙwabta. Aka cusa auduga. Barmo ya buɗe baki yana ruri. Na ɗaga kai na dubi rimi.

Tsuntsun yana gyaran fiffike. Ya dubi Tunau. Ya dubi tsohon da ke cikin fata. Ban san abin da tsuntsu ke gani ba, amma na rantse tsakin da ya ja ranar ya fi na dajin tsawo.

Namarmaro ya juya baya. Ruwa ya zo.

Aka ɗaga Barmo sama da tokarsa. Mu kuwa aka raka mu ƙofar gari da jawabi mai tsawo a kan baƙin da ke zuwa su ci amanar fata. Muna fita na jiyo su a bayanmu, Barmo na cewa ai ya faɗa tsawa ce, Tunau na cewa ba don busarsa ba da tsawar ba ta sami hanya ba. In ba su mutu ba suna can suna yi, tsuntsu na gaya musu gaskiya kowace safiya, su kuma kunnuwansu cike da auduga.

Wannan shi ne abin da na gani a Gurmulla, na kawo muku shi yadda na ɗauko, ban ƙara gishiri ba sai inda ya yi lami.

Da muka iso gida Inna ta rungume ɗanta, ta yi kuka, ta ci tuwo malmala biyu a zaune. Maƙwabta suka cika tsakar gida, har mai unguwa ya zo. Na ba su labari da muryoyin kowa, na yi musu Natoka da girmansa, na nuna tsayinsa a jikin jakin maƙwabcinmu. Da aka natsa, Inna ta share ido, ta dafa gwiwar Cindo.

"Ɗan nan, tsakaninka da Allah, me ya sa ka harbi bawan Allah nan?"

Yayana ya dubi jakin, ya dubi jama'a, ya gyara zama.

"Inna, na zaci zabo ne."